Na bar cin nama a Damagaram: tambayoyin da ake ta yi min da amsoshinsu

Shekara huɗu kenan da na ajiye nama. Ni malamin lakwal ne a nan Zinder, haifaffen Birni, kuma tun ranar da abokai suka lura ina wuce mai tsire ban tsaya ba tambayoyi basu ƙare ba, a fada, a wurin suna, a bakin masallaci bayan la'asar, har iyayen ɗalibaina wasu sukan tare ni a ƙofar lakwal. Shi yasa na ce bari in tattara waɗanda aka fi yi min wuri guda in amsa su yadda na sani kuma yadda na gani a jikina.

Malam, wai wuridi kake ja ne ko wani malami ya hana ka cin mai rai?

Wannan ita ce ta farko kullum, kuma na gane dalili, don a wurinmu in ka ga mutum ya ƙaurace wa nama da nono da ƙwai to galibi halwa ya shiga. Ni ba haka bane. Tansiyo ce, wato hawan jini. Wata safiya na tashi da ciwon kai ta ƙeya, na je likita aka auna aka ce 17, wato ta hau, aka sake aunawa bayan sati ɗaya bata sauka ba, ga nauyi ya hau min har numfashi nake in na hau tudun Birni a ƙafa. Likitan ya tambaye ni me nake ci da dare, na faɗa masa gaskiya: bayan isha'i kullum sai na tsaya wurin mai nama, balangu ko tsire, da kitsensa da yajinsa da gishirinsa, in kora da lemu mai sanyi, shekara da shekaru haka. Ya rubuta min magani ya ce in rage nama da gishiri da mai. Na gwada ragewa wata biyu na kasa, in na ci yanka biyu sai na ci goma, sai na ga gara in bari ɗungurungum. Har yau ina shan maganina fa, kar wani ya ji wannan ya watsar da nasa, barin nama ba ya maye gurbin maganin tansiyo, amma nauyin ya sauka kuma awon ya daidaita fiye da da.

Meye bambancin bejetariyan da bigan ɗin nan da ake faɗa?

Bejetariyan ba ya cin nama, ba kaza ba kifi, amma yana shan nono yana cin ƙwai da man shanu da cuku. Bigan shi duk abin da ya fito daga jikin dabba ya bari, har zuma. Kalmar bigan wani mutumin Ingila mai suna Donald Watson ne ya ƙirƙiro ta a 1944, ƙungiyar bejetariyan ta farko kuma can Ingilan aka kafa ta tun 1847. Amma sunan ne kawai nasu. A Indiya miliyoyin mutane ne suke rayuwa ba nama tun kaka da kakanni, Kiristocin Habasha kuma ranakun Laraba da Juma'a da dogon azuminsu basa taɓa nama ko nono ko ƙwai. Mu ma ai in za a faɗi gaskiya, je ka ƙauyukan Miriya ko Magariya ko Matamai ka zauna wata guda, sau nawa za ka ga nama a tukunya? Sai sallah, sai suna, sai ranar kasuwa in an samu. Tuwon gero da miyar kuka, fura da nono, wake, dambu, da su aka yi noma aka haƙa rijiyoyi.

Ni na yi bigan kusan shekara biyu, yanzu bejetariyan ne, kuma zan faɗi abin da ya maido ni a ƙasa.

Malam, ba haramta abin da Allah ya halatta kake yi ba?

Wannan tambayar ta fi kowace nauyi a wurina, kuma ban ɗauke ta da wasa ba, sai da na zauna da malamina kafin in ci gaba. Nama halal ne, ni'ima ce, Manzon Allah (SAW) ya ci nama, kuma duk wanda ya ce yanka dabba zalunci ne ko cin nama zunubi ne to ya yi karo da nassi. Aya ta 87 a Suratul Ma'ida ta hana mu haramta abubuwa masu daɗi da Allah ya halatta mana. Kuma akwai hadisin mutanen nan da suka so su wuce gona da iri a ibada, a ruwayar Muslim ɗayansu cewa ya yi ba zai ƙara cin nama ba, Annabi bai yarda da su ba. To wanda ya bar nama don yana ganin hakan ne zai kusanta shi ga Allah, shi ne hadisin ya shafa.

Wanda ya bari don lafiyarsa ko don ransa baya so, nasa daban ne. An kawo wa Annabi gasasshen damo bai ci ba, aka tambaye shi haramun ne, ya ce a'a, kawai babu shi a ƙasar mutanensa shi yasa ransa baya so, Khalid ɗan Walid ya ja ya ci a gabansa. Sayyadina Umar ma a Muwaɗɗa an ruwaito yana gargaɗi kan nama cewa yana da sabo irin sabon giya, ni kam da na ji wannan maganar sai da jikina ya yi sanyi don ni ne ya siffanta. Saboda haka niyya ce, ni ban ce haram bane, ban hana iyalina ba, ban kuma raina mai ci ba.

To layya fa, ka daina?

Subhanallahi, a'a. Ina yanka ragona duk shekara, da hannuna. Ina cikin masu jera itace, a tsire raguna a sanda a kewaye wuta tun hantsi har dare kamar yadda muka gada, washegari a yi rabo, uwargida ta yi suya ta ajiye wa yara. Layya sunna ce mai ƙarfi ga mai hali, ci daga cikinta kuma abin so ne ba dole ba. Shekarar farko ban taɓa ko kaɗan ba, sai na ga fuskar Inna ta canza, ta ajiye min hanta a ƙaramin kwano ta rufe da faifai kamar yadda take yi tun ina yaro, da marece ta buɗe ta ga tana nan, bata ce komai ba ta mayar da faifan. Abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Tun daga shekara ta uku ina cin yanka ɗaya na hantar layyata a gabanta, in yi bismilla in ci, shi kenan sai baɗi. Wani zai ce to ai kai ba cikakken bejetariyan bane, na yarda, farin cikin mahaifiyata da sunnar sun fi min sunan.

Yaya, ina kake samun ƙarfi? Ba nama ai jiki ba zai ginu ba.

Abin da ke gina jiki a nama shi ne furotin, kuma ba nama kaɗai ke da shi ba. Babba mai lafiya yana buƙatar kusan garam 0.8 a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 kusan garam 50. Garam 100 na ɗanyen nama yana da wajen garam 20. Busasshen wake garam 100 yana da wajen 23, gyaɗa wajen 25, waken suya wajen 36, gero ma kansa yana da wajen 11, ƙwai ɗaya kuma garam 6. Sai dai a lura wake in ya dahu ya sha ruwa, don haka cokali biyu da ake barbaɗawa a kan tulin shinkafa ba zai kai ko'ina ba, waken ya zama shi ne da yawa.

Kuma abin da ya fi burge ni da na karanta shi ne, hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da wake ke da shi a wadace, wake kuma yana da ƙarancin wani da hatsi ke da shi, in suka haɗu sai su cike wa juna. To duba abincinmu mana. Shinkafa da wake. Ƙosai da kunu. Ɗanwake. Dambu da zogale da ƙuli-ƙuli. Tuwo da miyar gyaɗa ko miyar wake. Kakanninmu basu shiga lakwal ba amma haɗin da suka bar mana daidai yake da abin da likitocin abinci ke koyarwa yau, ba ma sai a kwano ɗaya ba, in dai ka ci duka biyun a yini ɗaya ya isa. Ga shi Nijar tana sahun gaba a duniya wurin noman wake, Najeriya ce kawai ta fi mu, amma sai mu loda shi a manyan motoci ya tafi Kano mu kuma mu zauna muna cewa wake abincin talaka ne. Wannan maganar tana min ciwo wallahi.

Kuskuren da na yi a watannin farko shi ne na cire nama ban sa komai a gurbinsa ba, sai burodi da shayi da safe, maka da mai da yaji da rana, tuwo da dare. Ciki ya cika amma ƙarfe goma na safe ina gaban allo ƙafafuna na rawa. Sai da uwargida ta ce kai malam wannan ba tsari bane, ta fara jiƙa wake kowane dare, ta ajiye gwangwanin ƙuli-ƙuli da na riɗi a ɗaki, da marece yara su sayo awara ta dala ashirin ko talatin wurin yarinyar da ke soyawa a bakin layinmu. Cikin sati biyu na ji bambanci. Ga kwaruru ma, dafaffe, yana riƙe ciki sosai. Gyaɗa dai a duba ta, wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, gubar da ke cikinta hanta take lalatawa kuma suya bata kashe ta.

Akwai abin da ba a samu ko kaɗan in ba a jikin dabba ba?

Akwai, kuma don Allah wanda zai tsallake sauran amsoshin kar ya tsallake wannan. Bitamin B12. Babu shi a gero, babu a wake, babu a zogale, babu a kowane ganye da za a ce maka yana maganin cuta ɗari. Har koren garin nan na sifirilin da ake sayarwa, irin wanda ake samu a yankin tafkin Chadi, abin da ke cikinsa mai kama da B12 ne amma jikin mutum baya amfana da shi. Buƙatar babba a rana kaɗan ce ƙwarai, mikrogaram 2.4, amma jini da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa basa aiki daidai sai da shi. Wahalar abin ita ce hanta tana ajiye shi, ajiyar tana iya ɗaukar mutum shekaru, sai ka bar nama da nono ka yi shekara kana jin garau kana gaya wa mutane ai ƙarya ne, alhali rumbu ne kake ci ba ka zubawa.

Haka ta faru da ni. Wajen ƙarshen shekara ta biyu na fara jin tafin ƙafata kamar ana tsira min allurai, da dare ya fi, wani lokaci in ji kamar ina taka auduga, ga mantuwa, sunan ɗalibin da na sani sarai sai ya ɓace min ina kallonsa, harshena kuma ya yi ja yana zafi in na ci yaji. Na ɗauka sanyi ne, na sha saiwoyi, har na fara tunanin ko sammu ne. Da na koma likita na faɗa masa abin da nake ci da wanda bana ci, bai ma ja magana ba ya rubuta min analiz, wato awon jini, daga baya aka yi min allurai aka ɗora ni kan ƙwaya. Alhamdulillahi abin ya tafi a hankali cikin watanni, amma ya gaya min in aka bar shi ya daɗe lalacewar jijiyar ba lallai ta gyaru ba.

Daga nan na dawo wa nono da ƙwai. Kofi biyu na madarar shanu a rana sun kusa biyan buƙatar, ƙwai ɗaya kuma yana bada kamar kashi ɗaya cikin biyar. Amma nonon da aka tsinka da ruwa har ya zama tsararo kar ka dogara da shi, nemi kindirmo mai kauri, ɗanyar madara kuma a tafasa ta. Wanda ya dage sai ya yi bigan, to ƙwayar B12 ta farmasi dole ce a gare shi, ba ta wata ɗaya ba, har iya tsawon zamansa a haka. Tsofaffi da masu ciwon suga da ke shan metformin su ma sukan yi ƙarancinsa ko da suna cin nama.

An ce mai barin nama jininsa ƙarewa yake.

Yana iya raguwa in ba a kula ba. Sinadarin ƙarfe da ke nama jiki ya fi saurin ɗaukarsa fiye da na ganye da hatsi. Amma akwai shi a wake, gero, riɗi, zogale, tafasa, rama, yakuwa, kuma abu mai bitamin C yana taimaka masa shiga jiki, shi yasa nake matsa lemun tsami a kan wake da kwaɗo, in yanka ɗanyen tumatir da tattasai, lokacin gwaba in ci gwaba, garin ƴaƴan kuka ma yana da bitamin C da yawa.

Abin da ke hana ƙarfen shiga kuma shi ne abin da muka fi ƙauna a garin nan, shayi. Ana sauke kwano an ɗora buta a kan gawayi, na ɗaya na biyu na uku, mai ɗaci kamar me. Shayi a kan abinci yana ɗaure ƙarfen ya hana hanji ɗaukarsa. Ban bar fada ba ban bar shayi ba, amma ina bari a yi awa ɗaya ko fiye bayan cin abinci kafin in karɓi kofi, abokai sun saba har suna ajiye min na biyu. In kana jin jiri da kasala, idonka ya yi fari, je a auna jinin, don zazzaɓin sauro da tsutsar ciki ma suna shanye jini, ba komai ne laifin abinci ba.

Wake yana kumbura min ciki, ya zan yi?

Jiƙa shi tun dare, zubar da ruwan da safe, dafa shi da sabon ruwa har ya yi luguf. Fara da kaɗan kana ƙarawa, cikin ƴan makonni ciki yana sabawa. In an surfe an cire ƙowar kamar na ƙosai da alala ya fi sauƙi. Kanwa kuma a rage ta, na san tana sa ya nuna da wuri a huta da itace, amma tana kashe bitamin B1 da ke cikin waken, in ya jiƙu ma baya buƙatarta sosai.

Mu mata mu ke shan wahala, miya ba nama ta yaya za ta yi daɗi?

Wannan wata Hajiya maƙwabciyarmu ce ta yi min ita, kuma tana da gaskiya, saboda mai cewa ya bar nama ba shi ke tsugunne gaban murhu ba. Amsar ba tawa bace ta uwargida ce, ni kallo na yi. Tana soya albasa a hankali har ta yi ja ba ta ƙone ba, ta zuba tumatir ta bari ruwansa ya tsotse, sannan ta daka daddawa da citta da masoro da tafarnuwa ta zuba. Daddawa ita ce sirrin, ta kalwa ko ta batso, ita ke bada wannan ɗanɗanon mai nauyi da harshe ke nema a romo. A miyar kuka da kuɓewa tana zuba dakakken wake, a miyar ja kuma soyayyar awara take yankawa ta jefa a ƙarshe ta tsotsi miyar. Tukunya ɗaya take yi, ta ɗebe nawa, sannan ta zuba naman da ta dafa a gefe wa sauran gida, ba a dafa miya biyu a gidanmu.

Dunƙulen magi kuwa kar a ce tunda ba nama bari a ninka shi, yawancinsa gishiri ne. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce kar babba ya wuce garam 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, duka da na miya da na yaji da na burodi. Gishirin kuma a sayi mai iyod.

Fara fa? Kifi? Kaza ai ba nama bace.

Duk masu rai ne, bejetariyan baya cin su. Amma in don lafiya kake yi ba don suna ba, barin jan nama da kitse kana cin kifi ko fara jefi-jefi hanya ce mai kyau, kuma kifi yana rufe maka matsalar B12.

Zan iya ɗora yarana da matata mai ciki a kan wannan tsarin?

A nan kam ina da tsauri, a'a, kar ka yi. Ƴaƴana suna cin nama suna cin ƙwai suna shan nono, in kuɗin nama ɗaya ne a gidan to nasu ne. Muna jihar da kowa ya san yadda tamowa ke cin yara, duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake kwantar da su a lokacin bazara zuwa damina ba zai yi wasa da abincin yaro ba. Cikin yaro ƙarami ne, kunu zalla yana cika shi bai ba shi abin da zai girma da shi ba. Wata shida na farko nonon uwa kaɗai, daga wata 6 zuwa 23 kuma OMS ta ce a riƙa ba yaro abin da ya fito daga dabba kullum, nama ko kifi ko ƙwai. Ko abincin leda na gyaɗa da ake ba masu tamowa akwai garin madara a cikinsa.

Mai ciki da mai shayarwa in B12 ɗinta ya yi ƙasa jaririn ne ke fara biya, ƙwaƙwalwarsa ce ke ginuwa a lokacin. A ƙasashen da ake renon yara a bigan da likitan abinci da ƙwayoyi da awo a kai a kai suke yi, mu yawancinmu bamu da wannan halin. Macen da tun asali bata cin nama in ta samu ciki ta faɗa wa ungozomar likita tun awon farko, ta riƙe nono da ƙwai, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa kar ta jefa su ƙarƙashin katifa. Kuma maigida kar ya fake da maganar lafiya ya daina kawo cefanen nama alhali yana da hali, wannan tauye haƙƙi ne.

Da gaske awara tana rage wa namiji ƙarfi?

Ba gaskiya bane. An yi bincike a kan maza masu cin waken suya ba a ga ya rage musu sinadarin mazantaka ba, mutanen Sin da Japan kuma ɗaruruwan shekaru suna cinta. Abin dubawa a awara man da ake soya ta ne, in ya yi baƙi an maimaita shi kwana da kwanaki to canza wuri, ko ka sayi ɗanya a dafa maka a miya.

Wai har kilishi yana kawo cutar kansa?

A 2015 sashen binciken kansa na OMS ya sa naman da aka sarrafa, wato wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadarai, a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar babban hanji, jan nama kuma a jerin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Sun ce cin garam 50 na sarrafaffen nama kowace rana yana ƙara haɗarin da wajen kashi 18 cikin ɗari, kuma busasshen nama mai gishiri yana cikin misalan da suka bayar. To kalmar da za a riƙe ita ce kowace rana. Wanda aka kawo wa tsarabar kilishi ya ci da iyalinsa ba shi ake nufi ba, irina ake nufi a da, mai ci dare bayan dare, har da ɓangaren da ya ƙone ya yi baƙi a kan wuta.

In kowa ya bi ka, makiyaya da mahauta su ci me?

Ban taɓa cewa kowa ya bi ni ba, kuma bana fata. Masu kiran a bar nama saboda ɗumamar yanayi suna da hujja a wurinsu, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya, kuma a Barazil ana sare daji don kiwon shanu. Amma saniyar da aka tsare a shinge ana ɗura mata masara daban take da saniyar Bafulatani ko raƙumin Buzu a arewacin Tanut, inda ruwan sama bai isa gero ya nuna ba, ciyawar da ke fitowa can ba mai iya mayar da ita abinci sai dabba. Ga taki a gona bayan girbi, ga fata da dukawan garin nan suka yi suna da ita, ga akuyar da mace ke sayarwa ranar da yaro ya kwanta ciwo. Mahaucin da nake tsayawa wurinsa shekara da shekaru har gobe muna gaisawa, a wurinsa nake sayen naman gida, ranar da na gaya masa dalilina cewa ya yi Allah ya ƙara sauƙi malam, lafiya ai ita ce gaba.

In an gayyace ka walima ko ka je gidan surukai fa?

Ina zuwa, ina zama cikin mutane, ina sa hannu a tire. In ci shinkafar in tura naman gaban na kusa da ni, ba wanda ya taɓa ƙin karɓa. Romo ya taɓa abincin bana tada hankali. In babba ya matsa sai in ce Baba likita ne ya hana, magana ta ƙare da addu'a. Abin da bana yi shi ne wa'azi a kan kwanon mutane. A tafiya kuma, ko Yamai ko Maraɗi, ina sa gyaɗa da dabino da ƙuli-ƙuli a jaka, don a tashoshin hanya abin da aka fi samu nama ne da burodi, in an ci sa'a dafaffen ƙwai.

Ina so in gwada, ta ina zan fara?

In kana da ciwon suga ko na ƙoda ko kana kan wani magani, fara da likitanka, musamman mai ciwon ƙoda don shi wake da gyaɗa ma da awo ake ba shi. In lafiyarka lau, kar ka yi irin tawa ta dare ɗaya. Fara da naman dare na bakin titi, shi ne ya fi kitse da gishiri kuma shi ya fi cin aljihu. Sannan ka ware kwana biyu a sati ba nama, Litinin da Alhamis sun fi sauƙin riƙewa ga mai azuminsu. Ka yi magana da mai yi maka girki tun kafin ka fara, ba ranar da ta gama miya ba. Kuɗin tsiren sati ɗaya ka shiga kasuwar Dole da su ka auno tiyar wake, da riɗi, da daddawa mai kyau, da lemun tsami, in lokacin sanyi ne ga kayan lambu nan na Miriya sun cika kasuwa, shu da karoti da salati da tumatir. Nono da ƙwai kuma ka bar su a cikin abincinka tukuna, bayan wata uku ka je a auna maka tansiyo da jini ka kwatanta da na farko.